DUBA GULBI DA ƘAFA DA JIRGI: DARASI DAGA GANDUN DAJIN W

Gulbin Zamfara shi ne ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi. Daga nan ya wuce ta Jega ya faɗa Gulbin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Kwara. Wanda ya hau Kwara daga wannan mahaɗa ya yi yamma, ya wuce Gaya ta ƙasar Nijar, zai tarar da wani wuri inda kogin ya yi lanƙwasa kamar harafin W. Da wannan harafi aka sa wa gandun dajin da ke wurin suna. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa Uwayen Ƙasa da malamansu yadda ake duba ruwa a can, don su san yadda za su duba nasu.

GANDUN DAJIN

An kafa gandun a 1954, ya kuwa shafi ƙasa uku, watau Nijar da Benin da Burkina Faso. Rabon Nijar ya kai hekta 220,000, yana wajen kilomita 150 kudu da Yamai. A 1996 Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gādon duniya. Koguna biyu ne suka yi masa iyaka, Tapoa daga arewa, Mekrou daga kudu, kowannensu kuwa ya ƙwaƙule dutse ya yi kwazazzabo mai zurfi. Akwai giwa da ɓauna da zaki a dajin, akwai dorina da kada a ruwa. A shekarun nan rashin tsaro ya hana baƙi zuwa, amma tsarin da aka bi da su abin koyi ne.

Tsarin kuwa ga shi. Da rani ake shiga, sa'ad da ruwa ya janye. Baƙo ba ya shiga sai da ɗan jagora wanda ya san dajin. Kwazazzabo da ƙafa ake binsa, gama daga gaɓa ne ake ganin sawun dabbobi da inda ƙasa ta zaizaye. Kwara kuwa da jirgi ake binta, gama daga cikin ruwa ne ake sanin zurfi da ƙarfin igiya da mazaunin dorina. Wanda ya bi hanya ɗaya ya bar ɗaya, rabin gulbi ya sani.

ABIN DA YA SHAFI ƘASARMU

Gulbin Zamfara ba gandun yawon buɗe ido ba ne, hanyar abinci ce. Amma bukatar saninsa ta fi tsanani, domin rayuka ne a kansa. Ran 14 ga Satumba, 2024, jirgi ɗauke da manoma masu ƙetarawa gona ya kife kusa da garin Gummi, mutum fiye da 40 suka rasu. A 2010 kuma gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Saboda haka ya kamata kowane Uban Ƙasa da gulbi ya ratsa ƙasarsa ya sa rangadin gulbi cikin ayyukansa, sau biyu a shekara.

1. Rangadin ƙafa, da rani. A bi gaɓa tare da mai gari. Malami ya rubuta kowane mashigi da sunansa, da inda gaɓa ta rushe, da inda aka sare giyayya da kanya, gama saiwoyinsu ne ke riƙe ƙasa. Ya rubuta kuma inda ake wanke dutsen zinariya kusa da mashaya.

2. Rangadin jirgi, kafin ruwa ya cika. A tafi da Sarkin Ruwa, shi ne jagora. A ƙidaya jiragen fito, a duba katakonsu, a yanka wa kowane jirgi adadin mutanen da zai ɗauka, a rubuta adadin a jikinsa.

3. Da damina kada a yi fito bayan magariba, kada kuma a haɗa mutane da shanu a jirgi ɗaya. Inda aka sami rigunan ruwa, lalle ne a sa su tun daga gaɓa.

4. Kada a fita rangadi sai an shawarci jami'an tsaro. Inda hanya ba ta da lafiya, a kira mai gari da masu fito su ba da labari a gaban Uban Ƙasa.

In an gama, malami ya aika da kwafin abin da ya rubuta ga Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma, ya ajiye ɗaya a ofis don a gwada da na baɗi. Gaɓar da ta rushe bana, in an rubuta ta, ba za ta zo wa kowa da mamaki ba in ruwa ya sauko.

TAMBAYOYI

Mashigi nawa ne a ƙasarka? Jirgi nawa ke fito a kowanne, mutum nawa kuma kowanne ke ɗauka ranar kasuwa?