Tsofaffin Zane-zanen Kifaye: Ado a Bango, Darasi ga Ɗalibi

A ƙasashen Turai da Amurka, ba abin mamaki ba ne a shiga gida a tarar da tsohon zanen kifin teku an sa masa firam an rataye a bangon falo. Galibin masu sayen waɗannan zane-zane kyansu ne ke jan hankalinsu. Sai dai waɗanda suka yi su, fiye da shekaru 200 da suka wuce, aikin ilmi suka sa a gaba. A wancan zamani babu kyamara, saboda haka zane ne kaɗai hanyar da masani zai nuna wa takwaransa na wata ƙasa ainihin siffar halittar da ya gani.

Yadda Aka Samar da Su

Da yawa daga cikin zanen da ake ratayawa a yau an kwafo su ne daga aikin Marcus Elieser Bloch, wani likita da ya zauna a birnin Balin na Jamus (1723 zuwa 1799). Tsakanin 1782 da 1795 ya wallafa littafi mai juzu'i 12 a kan kifaye, ɗauke da zane 432. Da farko akan zana kifin a takarda, sannan a sassaƙa zanen a kan farantin tagulla, a buga shi, daga nan a bi kowane shafi a shafa masa launi da hannu. Mai zane yakan ƙirga ƙasusuwan filafilan kifi, ya lura da tsarin ɓawonsa da wurin da bakinsa yake, domin da su ake bambanta wani jinsi da wani.

Duk da haka, aikin bai rasa naƙasu ba. Kifayen ƙasashe masu nisa sukan iso ne a bushe ko a jiƙe cikin ruwan adanawa, launinsu ya riga ya dushe. Don haka wani launin da ake sha'awa a bango kintace ne kurum.

Kifin da Ya Ruɗi Masana

Cikin waɗannan zane-zane akwai na wani dogon kifi mai kama da maciji, wanda Ingilishi ke kira il, masana kuma Anguilla anguilla. Kada ɗalibi ya ɗauke shi a matsayin gaiwa. Sun yi kama a tsawo, amma gaiwa tana da huhu, shi kuwa ba shi da shi. Turawa sun daɗe suna kama shi a kogunansu ba tare da sun taɓa ganin ƙwansa ba, har Aristotal ya ce daga taɓo yake tsirowa.

A 1856 wani masani Bajamushe, Johann Kaup, ya bayyana wani ɗan ƙaramin kifin teku, mai faɗi kamar ganye, garai-garai kamar gilashi. Ya ɗauka sabon jinsi ne, ya raɗa masa suna Leptocephalus brevirostris. Shekaru 40 ana tafiya a haka, sai a 1896 wasu Italiyawa biyu, Grassi da Calandruccio, suka nuna cewa wannan “ganye” jaririn il ne, yana rikiɗa yayin da yake girma. Ke nan siffar da aka zana daidai ce, fassarar da aka yi mata ce kuskure.

Daga 1904 Johannes Schmidt, mutumin Denmak, ya shiga bin sawun jariran a Tekun Atilantika. Bayan kusan shekaru 20 ya gano cewa mafi ƙanƙantarsu suna Tekun Sargaso, fiye da kilomita 5,000 daga Turai. A 2022 aka buga binciken da ya bi manyan kifayen da na'urar tauraron ɗan'adam har zuwa can. Amma har yanzu ba wanda ya ga suna saka ƙwai.

Abin Damuwa

Tun daga wajen 1980, yawan jariran da ke isowa kogunan Turai ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, sakamakon madatsun ruwa da ke tare masu hanya, da yawan kamu, da gurɓatar ruwa. A 2008 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa. Idan ba a yi hattara ba, wata rana zanensa zai fi shi kansa sauƙin samu.

Aiki ga Malamai da Ɗalibai

Malami na iya sayo tarwaɗa da karfasa a kasuwa, ya ajiye wa ɗalibai su zana da fensir mai tsini. Su auna tsawon kowane kifi, su ƙirga filafilansa, su rubuta suna da kwanan wata da wurin da aka kamo shi. Sharaɗin guda ne: a zana abin da ido ya gani, kada a kwafi na cikin littafi. Bayan haka malami ya tambaye su: wane ɓangare ne suka gani da idonsu, wane kuma suka cike da zato? Ɗalibin da ya iya raba waɗannan biyu ya kama hanyar zama masanin kimiyya. Zanen da ya fi dacewa da kifin kuwa, a liƙa shi a bangon aji.