Kafin ka kama hanyar Kware, karɓi takarda

An biya kuɗin fansa, mutum ya dawo gida, amma barci ya ƙaurace masa. Babur ya wuce da dare, gabansa ya yanke ya faɗi. A yankin Mafara, Bakura da Maradun wannan ba sabon labari ba ne. Ana addu'a, ana shan rubutu, sai dai ciwon yana da masanansa a asibiti, kuma zuwa wurinsu ba ya nufin mutum ya haukace.

Masanan iri biyu ne. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani. Masanin halayyar ɗan'adam kuwa zama yake yi da kai, ya saurare ka, ya koya maka yadda za ka shawo kan firgici, yau kaɗan gobe kaɗan. Wannan na biyun ba za ka ga allonsa a bakin kasuwa ba, a manyan asibitoci ake samunsa. Ga ɗan wannan yanki, wurin nufa shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, arewa da birnin Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda Gusau ta fi masa sauƙi, ya tambaya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

Ga inda ake tafka asara. Mai katin inshora sai ya hau mota kai tsaye, ya isa, a ce masa ya biya daga aljihunsa. Inshora ba ta son tsallake. Fara da asibitin da aka yi maka rajista a kansa, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ke damunka, ba "ciwon kai" kawai ba, shi kuma ya rubuta takardar tura ka gaba. Ma'aikacin tarayya da ke ƙarƙashin NHIA, hukumar inshorar lafiya da ta gaji NHIS a 2022, yana kuma buƙatar lambar amincewa daga kamfanin da ke riƙe da inshorarsa. Tsarin ya haɗa da matar aure da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Ma'aikacin jiha ya nemi teburin ZAMCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha.

A teburin, kada ka tsaya ga "an haɗa da ciwon damuwa?" Tambayi ko za a biya zaman tattaunawa ko magani kaɗai, zama nawa, da kuma ko katin yana aiki a wajen Zamfara, tunda Kware a jihar Sakkwato take. Rubuta amsar da sunan wanda ya ba ka ita. Baki kan canza.

Marar kati ya tambaya a asibitin shan-magani na mazaɓarsa ko ana rajistar asusun lafiya na marasa ƙarfi.

Amma idan ɗan'uwa ya fara maganar kashe kansa, kada a jira wata takarda. A kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.