Darasin Juma'a: Yaro Mai Kaifin Basira Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

'Yan'uwa, akwai yaron da malamai ke kuka da shi: ya riga kowa gama aiki, sai ya koma tsokanar 'yan aji. A gida kuma tambayarsa ba ta ƙarewa, har mu ce, "Kai, rufe mana baki!" In kuwa mun ga ya iya lissafi tun yana aji huɗu, sai mu ce to, an samu mai tsaron shago a Monday Market. Sau da yawa ba fitina ce da shi ba, karatun ne ya yi masa kaɗan.

Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar, ƙaramin cikinsu, ya gane dabino ce, amma kunya ta hana shi magana. Da ya ba mahaifinsa labari, Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi fiye da dukiya mai yawa. Zaidu ɗan Sabit kuwa, Annabi ya lura da hazaƙarsa, ya sa shi koyon rubutun Yahudawa, ya iya cikin kusan rabin wata. Shi ne daga baya Sayyidina Abubakar ya ɗora wa aikin tattara Alƙur'ani.

Me za mu ɗauka?

1. A bar yaro ya yi tambaya. In ba ka da amsa, ka ce, "Mu tambayi malam."

2. A ƙara masa aikin da ya fi wuya, kada a yi ta maimaita masa wanda ya iya. Je ka makarantarsa, ka roƙi malami ya ba shi littafin ajin gaba. Mai saurin hadda a sa shi musabaƙa, a haɗa masa da Larabci.

3. Shago ma makaranta ne. Ranar Asabar ya lissafa uwar kuɗi da riba, amma Litinin ya koma aji.

4. A nemi hanya. Gwamnatin Tarayya ta buɗe makarantar masu hazaƙa a Suleja, Jihar Neja, a 1990, kuma hukumar NECO ke shirya jarrabawar shiga. Ku tambayi hedimasta tun kafin yaro ya gama aji shida.

5. 'Ya mace haka take. Kada talla ta cinye mata basira.

Sai dai a kula: kada a kumbura masa kai, kada kuma a riƙa yi wa 'yan'uwansa gori da shi.

Magabatanmu sun taso daga Kano da Katsina zuwa Gabas neman Alƙur'ani. Kada mu zo Borno mu tsaya a neman kuɗi kaɗai. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.