Yadda ake yin intigireshin ba tare da dogaro da hadda ba

Ɗalibai da yawa masu shirin JAMB suna haddace ƙa'idojin intigireshin, alhali abu ɗaya ya kamata su riƙe: intigireshin warware aikin difarenshiyeshin ne. Difarenshiyeshin yana nuna saurin da abu ke canzawa, shi kuwa intigireshin yana tattara canjin ya ba ka jimilla. A kan wannan alaƙa Newton da Leibniz suka gina kalkulas a ƙarni na 17, kowa da nasa binciken.

A ce ruwa yana zuba a tanki, ƙarfinsa yana ƙaruwa, lita 6t a kowane minti, t kuma tana nufin mintocin da suka wuce. Don sanin jimillar ruwan, za ka yi wa 6t intigireshin. Da farko dubi lambar da ke saman t. A nan 1 ce, ko da ba a rubuta ta ba. Ƙara mata ɗaya ta zama 2, sannan ka raba 6t² da wannan 2, ka sami 3t², ka liƙa masa + C. Kafin ka wuce, yi wa amsar difarenshiyeshin. In ta dawo maka da 6t, ka yi daidai. To, ruwa nawa ya shiga daga minti na 2 zuwa na 5? Sa 5 a cikin 3t², ka sami 75. Sa 2, ka sami 12. Debe, saura lita 63. Hankali ma ya yarda: ƙarfin ruwan ya tashi a miƙe daga 12 zuwa 30, tsaka-tsakinsu 21, sau minti 3, 63 ke nan.

Wani zai ce C ado ne kawai, tunda ba ta fito a 63 ba. Ba ado ba ne. C ita ce ruwan da ke cikin tankin tun kafin a buɗe famfo. Wajen debewa ta kashe kanta, amma in an tambaye ka abin da ke cikin tankin gaba ɗaya, dole ka san ta. Wani kuma zai ce ai hadda ta fi sauri. Gaskiya ne, sai dai mai hadda zalla zai faɗi a kan 1/x, domin lambar samanta −1 ce, ƙara ɗaya zai kai shi ga rabawa da sifili. Amsar a nan ln|x| + C ce, kuma difarenshiyeshin zai tabbatar maka da ita.

Yanzu gwada 4x³ daga 1 zuwa 2. In ba ka sami 15 ba, koma ka duba rabawarka.