Darasi A Kan Nisabin Jiki

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam, ya sanya wa kowace gaɓa tasa ma'auni. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, duk wanda ya karanta babin zakka ya san nisabi. Mai tumaki 39 babu komai a kansa; idan suka cika 40, shekara ta kewayo, tunkiya guda ta wajaba. To, ku sani jiki ma yana da nisabinsa, wato iyakar da sai an kai gare ta abu yake faruwa. Sanin wannan wajibi ne ga mai ciwon sukari da yake nufin yin azumi.

Na farko: nisabin jijiya

Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi suna aiki ne da ɗan ƙarfin lantarki. Idan jijiya tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta da kimanin milibolt 70. Milibolt kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt. Idan ƙaya ta soki ƙafa, sai ratar nan ta ragu. In ta sauko kusa da 55, sai wasu ƙofofi su buɗe a bangon jijiyar, sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri ya kwarara ciki, saƙo ya tashi. In ba ta kai ba, babu abin da zai tashi. In kuma sukar ta yi tsanani, saƙon ba ya ƙara girma, sai dai ya yawaita. Masana biyu na Ingila, Hodgkin da Huxley, su ne suka fayyace wannan a shekarar 1952. Ajiye jijiya cikin wannan shiri yana cin ƙarfi, ƙwaƙwalwa kuwa daga sukarin jini take samun ƙarfinta, kuma ba ta da rumbun da za ta tara shi.

Na biyu: nisabin ƙoda

Ƙoda tana tace jini, tana mayar masa da sukarinsa, matuƙar bai wuce kimanin giram 1,8 a lita ba. Idan ya wuce, sai ragowar ta zube cikin fitsari, ta ja ruwan jiki tare da ita. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa suke zuwa, har kiyashi su taru a inda mutum ya kama ruwa. Amma likitoci suna tabbatar da ciwon ne tun daga giram 1,26 kafin karin kumallo. Ashe wanda ya tsaya jiran kiyashi ya makara. Sai a je awo asibitin Matameye ko ɗakin shan magani mafi kusa.

Na uku: nisabin karya azumi

Ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon sukari, tare da likitocin da suka duƙufa kan azumin Ramadan, ta fitar da ƙa'ida a 2016, ta sabunta ta a 2021: mai ciwon ya sha ruwa nan take idan sukarinsa ya sauka ƙasa da giram 0,70, ko ya haura giram 3, ko ya ji makyarkyata da gumi mai sanyi da ruɗewa, ko da saura kaɗan rana ta faɗi. Hatsarin yana ƙaruwa idan azumi ya faɗo cikin bazarar ƙasar Damagaram. Tsaga yatsa don awo ba ya karya azumi. Wanda sukarinsa ya faɗi, idan yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan sukari. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame ya sha, ya rama daga baya, kuma malamai sun haɗu a kan cewa wanda ke tsoron halaka, shan ya zama tilas a kansa. Saboda haka kada kunyar idon jama'a ta hana dattijo karɓar sauƙin Ubangijinsa. Kowa ya ga likita tun cikin Sha'aban, ya san nisabinsa.

Allah ne mafi sani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.