Tsaunukan Himalaya: Yanayin Ƙasa da Taƙaddamar Suna

1.0 Gabatarwa

Sunan wuri yakan adana tarihin mutanen da suka raɗa shi, haka kuma yakan nuna wanda ke da iko a lokacin raɗin. Wannan maƙala ta dubi jerin tsaunukan Himalaya domin fito da wannan batu, musamman ta fuskar sunayen ƙololuwarsu mafi tsayi.

2.0 Yanayin Ƙasa

Tsaunukan Himalaya sun miƙe kimanin kilomita 2,400, daga Nanga Parbat a yamma zuwa Namcha Barwa a gabas. Sun ratsa Pakistan da Indiya da Nepal da Butan da yankin Tibet na ƙasar Sin. Sun samu ne sakamakon karon da ɓawon ƙasar Indiya ya yi da na Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma har yau suna ƙara tudu. Daga wannan yanki ne kogunan Indus da Ganges da Brahmaputra suke samun ruwa, waɗanda ɗaruruwan miliyoyin mutane suka dogara da su wajen noma.

3.0 Asalin Suna

Kalmar Himalaya ta fito daga harshen Sanskrit: "hima" na nufin dusar ƙanƙara, "alaya" kuwa mazauni. Ke nan suna ne da ya siffanta wurin kamar yadda ido ke ganinsa.

Ƙololuwa mafi tsayi kuwa sunaye uku gare ta. Mutanen Tibet sun daɗe suna kiranta Chomolungma. Ma'aikatan safiyo na Birtaniya a Indiya, waɗanda suka auna ta daga nesa saboda Nepal ba ta barin baƙi su shiga, sun fara yi mata lamba, wato Ƙololuwa ta 15. A shekarar 1856 shugabansu, Andrew Waugh, ya ba da shawarar a saka mata sunan magabacinsa, George Everest, bisa hujjar cewa bai sami sunan gargajiya tabbatacce ba. Shi kansa Everest ya nuna rashin amincewa, domin a ganinsa mutanen ƙasar ba za su iya furta sunan ba. Duk da haka, a 1865 Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Ingila ta tabbatar da shi. Daga baya, a shekarun 1960, gwamnatin Nepal ta ɗauki sunan Sagarmatha.

4.0 Kammalawa

Sunan da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne mafi nisa da mutanen da ke zaune a gindin tsaunin, domin taswirar masu mulki ce ta yaɗa shi. A watan Disamba na 2020 Nepal da Sin suka sanar tare cewa tsayin ƙololuwar mita 8,848.86 ne. Sun daidaita a kan awo, amma kowace ta ci gaba da riƙe sunan da take kiranta da shi.