Kwafin Ajiya: Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Tsare Wasiƙunsa na I-mel

Ƙananan kamfanoni da dama sukan keɓe kwamfuta guda wadda aikinta shi ne karɓar wasiƙun i-mel, da aika su, da kuma adana su. Ita ce ake kira uwar-garke. A cikinta ake samun takardun yarjejeniya, da rasidai, da shaidar bashi. Ranar da faifan ajiyarta ya lalace, ko gobara ta tashi, ko wani ma'aikaci ya goge wasiƙu bisa kuskure, kamfani yana iya rasa tarihin cinikinsa baki ɗaya. Rigakafin wannan asara shi ne kwafin ajiya, wato kwafe bayanai a kai a kai zuwa wani wuri dabam. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Abin da Ake Kwafewa

Abubuwa uku ne suka wajaba a kwafe. Na farko, wasiƙun kansu. Na biyu, fayilolin saiti na manhajojin da ke tafiyar da aikin, kamar Postfix mai karɓa da aikawa, da Dovecot mai miƙa wa kowa wasiƙunsa. Na uku, jerin sunayen masu akwatin saƙo tare da kalmominsu na sirri. In an bar biyun ƙarshe, sai an sake gina tsarin daga tushe.

Akwai hanyoyi biyu sanannu na adana wasiƙu. Tsarin mbox yana tara wasiƙun akwati guda a fayil ɗaya, shi kuwa Maildir yana ba kowace wasiƙa fayil nata. Maildir ya fi sauƙin kwafewa, domin sababbin fayiloli kaɗai za a ɗauka kowace rana.

Tsara Lokaci

Ɗan Adam ajizi ne, yakan manta, yakan yi tafiya. Saboda haka ne ake ɗora wa na'ura wannan nauyi. A kwamfutoci masu tsarin Linux akwai manhajar cron, wadda ta samo asali daga Unix tun shekarun 1970. Mai kula da uwar-garke zai rubuta umarnin kwafi a fayil guda, alal misali ajiya.sh, sa'an nan ya sanya wannan layi a jadawalin cron:

0 2 * * * /usr/local/bin/ajiya.sh

Gurabe biyar na farko suna nufin minti, da awa, da ranar wata, da wata, da ranar mako. Tauraro yana nufin "kowane". Ma'anar layin ke nan: a gudanar da aikin kullum da ƙarfe 2 na dare, lokacin da zirga-zirgar wasiƙu ta yi sauƙi. Sai dai in wuta ta ɗauke, kwamfuta tana kashe a wannan sa'a, cron ba ta ramawa. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, manhajar anacron ta fi dacewa, domin tana rama aikin da aka tsallake da zarar an kunna na'ura.

Kwafin kansa akan yi shi da manhajar rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Ita takan kwatanta wuraren biyu, ta aika abin da ya sauya kawai. A ƙaddara kamfani yana da gigabayit 20 na wasiƙu, kuma megabayit 200 ke ƙaruwa kullum. Bayan daren farko, kashi ɗaya cikin ɗari kacal za a riƙa ɗauka.

Kwafi Nawa, Kuma a Ina?

Kwafi guda da ake sabuntawa kullum bai wadatar ba, domin wasiƙar da aka goge yau tana iya ɓacewa daga kwafin ma a daren yau. Shi ya sa akan riƙe na kwanaki 7, da na makonni 4, da na watanni 12.

Masana suna bin ƙa'idar 3-2-1: bayanai su kasance a wurare uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma nesa da ofis. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta ƙasar Faransa, kuma wasu abokan cinikin da kwafinsu ke wuri ɗaya da asalin sun rasa duka biyun. Kwafin da zai fita daga ofis kuwa, wajibi ne a kulle shi da mabuɗin sirri, tun da asirin jama'a ne a ciki.

Gani Ya Kori Ji

Ba a tabbatar da ingancin kwafi sai an gwada maido da shi. A watan Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanai bisa kuskure. Da aka waiwayi kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki, saƙonnin gargaɗin ma ba sa isowa. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan shi ya cece su, amma aikin waɗannan awoyi ya salwanta.

Don haka ya kamata mai kula da uwar-garke ya duba rahoton kwafi kowace safiya. Sau ɗaya a wata kuma ya maido da akwati guda a wata kwamfuta dabam, ya buɗe wasiƙun, ya gani da idonsa.

Tambayoyi

1. A rubuta layin cron da zai gudanar da kwafi kowace Juma'a da ƙarfe 11 na dare. (Lahadi ita ce 0.)
2. Me ya sa faifai na biyu a cikin uwar-garke ɗaya bai cika ƙa'idar 3-2-1 ba?